Poco F1 a Hannun Mai Koyon Gina Kenel: Sharhi Bayan Shekara Guda

Shekara guda ke nan da na sayi Poco F1 ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, kuma ban saye ta don kira ko ɗaukar hoto ba, domin ina da wata wayar da ke yi mini waɗannan hidimomi. Na saye ta ne don in koyi gina kenel da hannuna, in ɗora shi a kan LineageOS, wani nau'in Android da masu aikin sa-kai ke ginawa, in ga da idona abin da ke sauyawa idan aka taɓa zuciyar waya. A tsawon wannan lokaci na yi mata filashin har na daina ƙirgawa, ta tsaya cak a kan tambari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma ko sau ɗaya ba ta kai ni teburin mai gyara ba. Hukuncin da na yanke shi ne, tana cikin wayoyin da suka fi dacewa da mai koyon wannan aiki, muddin ya ɗauke ta a matsayin allon karatu, ba wurin ajiyar kuɗinsa da sirrinsa ba.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, kenel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke zaune tsakanin kayan ƙarfen waya da sauran manhajojin da mutum ke gani. Shi ke karɓar saƙo idan yatsa ya taɓa gilashi, shi ke raba wa manhajoji lokacin firosesa da wurin zama a ma'adanar aiki (RAM), shi ke yanke lokacin da firosesa zai ƙara gudu da lokacin da zai lafa, kuma yana da hannu dumu-dumu a sha'anin caji da zafi. Kenel ɗin Android na Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma lasisinsa na GPL ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura mai ɗauke da shi ya bayar da rubutun asali, wato layukan umarnin da ake gina manhajar daga gare su, ga mai buƙata. A kan wannan sharaɗi ne dukkan sana'ar gina kenel ta tsaya, domin idan babu rubutun asali, babu abin da za a gyara.

Kamfanin Xiaomi ya ƙaddamar da wayar a New Delhi cikin watan Agusta na 2018, a kan farashin rupi 20,999 ga mafi ƙanƙantarta, tare da firosesa Snapdragon 845, wato irin wanda ke cikin OnePlus 6 da Pixel 3 masu tsada a wancan lokaci. Firosesan yana da ƙwayoyi 8, huɗu manya masu kaiwa gigahaz 2.8 da huɗu ƙanana masu tattalin wuta, ma'adanar aiki kuma gigabayit 6 ce ko 8, batir ɗin mai ƙarfin mAh 4,000. Arahar ta sa ta shiga hannun ɗimbin matasa masu rubuta manhaja, musamman a Indiya, kuma da yake kamfanin ya saki rubutun kenel ɗinta a GitHub, nan da nan ta zama filin gwaji. A wurin masu wannan harka sunanta beryllium, kuma da wannan suna ake neman duk wani abu da ya shafe ta. Ta zo da Android 8.1, sabuntawar kamfani ta tsaya a Android 10, amma masu aikin sa-kai na LineageOS sun kai ta Android 13 har sun wuce.

LineageOS ta taso ne a watan Disamba na 2016 daga burbushin magabaciyarta mai suna CyanogenMod, wadda Steve Kondik ya fara a 2009. Abin da ya sa na zaɓi kenel ɗinta a matsayin tubalin aikina shi ne tsabtar tarihinsa. Kamfanonin waya kan zubo rubutun kenel a dunƙule, gyare-gyare dubbai a cure wuri guda, babu bayanin wane ne ya sauya me, balle dalili. A rumbun LineageOS kuwa kusan kowane faci, wato gyara guda da aka yi wa rubutun, yana zaman kansa, da sunan wanda ya yi shi da bayanin matsalar da ya zo warwarewa, kuma ana iya bin muhawarar da aka yi kafin a karɓe shi a dandalinsu na tantance gyara. Na shafe makonni ina karanta waɗannan bayanai kafin in sauya ko layi ɗaya, kuma abin da na koya a ciki ya fi abin da na samu daga kowane bidiyon koyarwa. A nan ne na fahimci yadda kenel ɗin waya yake hawa-hawa: Linux na asali a ƙasa, gyare-gyaren Google na Android a kansa, sannan na Qualcomm don firosesa, sannan na kamfanin waya don gilashi da batir da kyamara.

Matakin farko shi ne buɗe butloda, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da waya, wadda idan tana kulle ba ta yarda da wani kenel sai mai hatimin kamfani. Ana buƙatar asusun Xiaomi, da manhajar Mi Unlock a kan kwamfuta mai Windows, da haƙurin jiran kwanakin da aka ƙayyade, kuma buɗewar tana share duk abin da ke cikin wayar. Wannan mataki bai ba ni wahala ba.

Ginin kansa ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da mutane. Da kwamfutar cinya mai Ubuntu, da manhajar harhaɗawa ta Clang wadda Google ma ke amfani da ita wajen gina kenel ɗin Android, da fayil ɗin zaɓuɓɓuka na wayar, sai a ba da umarnin make a zauna jira. Tsohuwar kwamfutata tana kammalawa cikin ƙasa da awa guda a karon farko, sannan idan gyara kaɗan aka yi, mintuna ne kawai. Wannan yana da muhimmanci ga mu da ke lissafin data da wutar lantarki, domin gina LineageOS gaba ɗaya yana cin sararin ɗaruruwan gigabayit da awanni masu yawa, alhali kenel kaɗai ana iya sauke shi da data madaidaiciya a gama shi kafin batir ɗin kwamfuta ya ƙare. Abin da ke fitowa fayil ne guda mai suna Image.gz-dtb, wanda ya haɗa kenel da bayanin kayan cikin wayar. Daga nan sai a saka shi cikin AnyKernel3, wani tsari da wani mai rubuta manhaja da aka fi sani da osm0sis ya samar, wanda ke kwance fayil ɗin tashi na wayar, ya musanya kenel, ya mayar da sauran yadda suke.

Babbar falalar wannan waya ga mai koyo ita ce yafiyarta. Tana karɓar umarnin fastboot boot, wanda ke tayar da ita da sabon kenel daga kwamfuta ba tare da an rubuta shi a cikinta ba, ta yadda idan gwajin ya ɓaci, kashewa da kunnawa kawai za su mayar da ita kan tsohon kenel. Ɓangaren ceto nata kuma, wato ƙaramin tsarin da ake shiga don gyara waya idan Android ya ƙi tashi, yana zaune a wurinsa daban, ba a cakuɗe da ɓangaren tashi ba kamar yadda yake a wasu wayoyin da suka zo daga baya. Maɓallin kunnawa da na rage sauti suna kai mutum fastboot, yanayin da waya ke karɓar umarni daga kwamfuta, maɓallin kunnawa da na ƙara sauti suna kai shi ceto, kuma duk ɓarnar da na yi a kenel ba ta taɓa rufe mini waɗannan ƙofofi biyu ba. Mai koyo da ya san yana da hanyar komawa yana samun ƙarfin zuciyar gwada abin da zai koya masa wani abu.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne a wata na biyu. Na yi niyyar rage nauyin kenel ta hanyar cire direbobin (ɓangarorin kenel masu sarrafa kowace na'ura da ke cikin waya) da na ɗauka wayata ba ta buƙata, sai na ga direbobi biyu na na'urar jin taɓawa, ɗaya na Novatek ɗaya na FocalTech, na cire na biyun. Wayar ta tashi lafiya, agogo ya bayyana, hoton bango ya fito tas, na ɗora yatsa na ja sama, babu abin da ya motsa. Na goge gilashin da gefen rigata na sake ja, shiru. Da na jona ta da kwamfuta na karanta bayanan da kenel ke rubutawa yayin tashi, sai na ga direban da na bari yana neman na'urarsa bai same ta ba. Dalili shi ne an ƙera Poco F1 da gilashi iri biyu, na kamfanin Tianma mai tafiya da Novatek, da na EBBG mai tafiya da FocalTech, kuma tawa ta biyun ce. Kuskuren nawa ne, gyaransa kuma layi ɗaya ne, amma daga ranar na gane cewa wayoyi biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya suna iya bambanta a ciki, kuma duk wanda zai raba kenel ga jama'a dole ya yi tunanin wayar da ba ya riƙe da ita.

Akwai kuma lokacin da na shigar da wani faci na sarrafa ma'adana, wayar ta riƙa mutuwa da kanta cikin dare tana sake tashi. Abin da ya cece ni shi ne ramoops, wani ɗan yanki na ma'adana da kenel ke ajiye kalamansa na ƙarshe kafin ya faɗi, waɗanda ake samu a cikin /sys/fs/pstore bayan wayar ta farfaɗo. A nan na ga jerin ayyukan da suka kira juna har zuwa wanda ya taɓa wurin da ba nasa ba. Sanin karanta wannan jeri shi ne ya raba mai gina kenel da mai kwafar facin wasu, kuma wannan waya ta ba ni damar koyonsa ba tare da na sayi wata na'ura ta musamman ba.

Sai batun amfanin da ake samu, wanda a nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ba tare da kambamawa ba. Babban abin da na nema shi ne sassaucin zafi, domin a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafin Kano ke haura digiri 40, waya tana yin ɗumi tun tana cikin aljihu. A cikin kenel akwai abin da ake kira gwamna, wanda ke zaɓa wa firosesa gudun da zai yi a kowane lokaci, kuma wanda na yi aiki da shi sunansa schedutil. Yana da ma'auni biyu da suka ja hankalina: tsawon jiran da zai yi kafin ya ƙara gudu, da tsawon jiran da zai yi kafin ya rage. Na ɗan tsawaita na farko, na gajarta na biyu, na kuma rage yawan zaburar da ake yi wa manyan ƙwayoyi duk lokacin da yatsa ya taɓa gilashi. Sakamakon shi ne bayan wayar ya daina ɗaukar zafi a karatu da hira, batir kuma ya ƙara jimiri ta yadda nake lura da shi da yamma. Farashin da na biya shi ne ɗan jinkiri wajen buɗe manyan manhajoji, wanda ido ke iya kamawa idan an kula. Na kuma rage ƙarfin wutar da ke shiga batir yayin caji a lokacin bazara, caji ya ƙara daɗewa, amma wayar ta daina zama kamar dutsen guga a kan tabarma. Ban da waɗannan, na ɗora WireGuard a cikin kenel ɗin, wato hanyar sadarwa mai kariya da Jason Donenfeld ya rubuta, wadda ba ta shiga Linux na asali ba sai a 2020 cikin fitowa ta 5.6, kuma ta yi aiki lami lafiya.

Wannan ne iyakar abin da kenel ya ba ni, kuma ya isa. Abin da ke damuna shi ne yawan kenel ɗin da ake tallatawa ga masu wasannin waya da alƙawarin gudu na ban mamaki. Da na buɗe rubutun wasu daga cikinsu, sai na tarar an ɗaga gudun na'urar zane ta Adreno 630 sama da megahaz 710 da aka tsara mata, an sassauta ko an kashe matakan da ke rage gudu idan zafi ya yi yawa, wasu ma har sun kashe fsync, wato umarnin da ke tabbatar da cewa abin da aka rubuta ya sauka a ma'ajiya da gaske. Kashe fsync yana ƙara maki a manhajar gwaji, amma idan wayar ta mutu ba zato, saƙonni ko hotuna ko bayanan manhaja suna iya lalacewa. Cire kariyar zafi kuwa a kan batir mai shekaru, a yanayi irin namu, ganganci ne da ke iya kumbura batir. Duk kenel ɗin da mai shi bai buɗe rubutunsa ba, ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗora shi a wayarsa ba, domin ya saɓa wa lasisin da ya ci moriyarsa, kuma an miƙa masa iko a kan komai.

Akwai wuraren da kenel ba ya kaiwa ko kusa. Ingancin hoto yana hannun rufaffun manhajojin kyamara, ƙarfin kama sabis kuma yana hannun manhajar modem, wadda ita ma a rufe take kuma tana da hatimin da ba a iya sauyawa. Duk wanda ya yi alƙawarin gyara waɗannan ta hanyar kenel bai faɗi daidai ba.

Babban raunin wayar, wanda ya sa na yi togaciya tun a farko, shi ne shekarun kenel ɗinta. Tana tafiya ne a kan Linux 4.9, wanda ya fito a Disamba na 2016, masu kula da Linux kuma suka rufe littafinsa a Janairu na 2023 da fitowa ta 4.9.337. Tun daga lokacin, duk wata ɓaraka ta tsaro da aka gano a sabbin kenel, sai wani mai sa-kai ya ɗauko facin ya sassaƙa shi da hannu ya dace da tsohon rubutu. Masu kula da ita suna ƙoƙari matuƙa, har suna dawo da sabbin abubuwan da Android na yanzu ke buƙata zuwa wannan tsohon kenel, kuma sun cancanci yabo, amma aikin mutane ƙalilan a lokacin hutunsu ba zai rufe kowace kafa ba. Ga kuma rufaffun manhajojin firosesa da modem da aka daina sabuntawa tun tuni. Ƙari a kan haka, buɗaɗɗen butloda yana nufin wanda wayar ta faɗa hannunsa yana iya ɗora mata abin da ya ga dama. Tsarin Play Integrity na Google, wanda ya gaji SafetyNet, yana gane waya irin wannan, shi ya sa wasu manhajojin banki ke ƙin buɗewa a kanta. Akwai dabarun ɓoyewa da ake yi da Magisk, manhajar da John Wu ya ƙirƙira, amma ni ban bi wannan hanya ba, domin a wannan gaɓa ina ganin hujjar banki ta fi tawa ƙarfi. Kuɗina suna ɗaya wayar.

Ya kamata mai koyo ya san kuma cewa sana'ar ta sauya salo a sabbin wayoyi. Tun daga Android 12, wayoyin da suka fito da Linux 5.10 zuwa sama suna amfani da tsarin GKI, inda Google ke gina kenel guda na bai-ɗaya, kamfanoni kuma su ɗora direbobinsu a gefe a matsayin ɓangarorin da ake lodawa. A irin waɗannan wayoyi, gyara a tsakiyar kenel yana iya sa direbobin kamfani su ƙi hawa idan an taɓa mahaɗar da ke tsakaninsu. KernelSU ma, wadda ke ba da ikon mallakar waya daga cikin kenel, ta mayar da hankalinta kan wannan sabon tsari. Saboda haka abin da Poco F1 ke koyarwa tsohon salo ne, inda komai ke cikin tukunya ɗaya. Duk da haka ina ganin wannan riba ce ga mai farawa, domin yana ganin direban gilashi da na caji da na sauti a buɗe a gabansa, yana iya karanta su ya ɓata su ya gyara, kuma sanin karanta bayanan faɗuwa da bin tarihin faci ba ya tsufa.

Wata ƙofa da ta sa wayar ta yi fice ita ce, tana cikin ƙalilan da Linux na asali ya san da zamansu. A cikin rumbun Linux akwai fayilolin bayanin kayanta guda biyu, ɗaya na gilashin Tianma ɗaya na EBBG, albarkacin aikin masu sa-kai da suka duƙufa a kan Snapdragon 845. Da wannan ne postmarketOS, tsarin da aka fara a 2017 a kan Alpine Linux, ke tashi a kanta da kenel na zamani ba tare da Android ba. Na gwada shi na mako biyu. Ba zai maye gurbin Android ga mai harkar yau da kullum ba, amma ajiye direba ɗaya a tsohon rubutun Qualcomm kusa da takwaransa na Linux na asali, a ga yadda aka warware matsala ɗaya ta hanyoyi biyu, karatu ne mai zurfi.

Jikin wayar roba ne, ba shi da ƙawa, babu NFC, gilashin kuma LCD ne mai inci 6.18 da ba ya jure hasken rana tsaka sosai. Sai dai tana da ramin abin sauraro, tana karɓar katin ajiya, kuma bayanta yana buɗuwa da kwance kusoshi biyu da ke gefen ramin caji, don haka sauya batir ba aiki ne mai wuya ba. Na sauya nawa a watan farko, domin batir ɗin da ya kwana biyu yana ɓata duk wani gwajin jimiri da za a yi, mutum ya ɗora wa kenel laifin da ba nasa ba.

Wanda zai saya, ya tabbata tsohon mai ita ya cire asusunsa na Xiaomi a gabansa, domin idan asusun yana nan, buɗe butloda ba zai yiwu ba. Ya riƙe maɓallin kunnawa da na rage sauti ya ga ta shiga fastboot, ya jona ta da kwamfuta ya ga an gane ta, saboda ramin caji da ya gaji yana iya ɗaukar wuta amma ya kasa ɗaukar bayanai, kuma ta wannan rami ne duk aikin zai bi. Ya tambaya ko an taɓa sauya gilashin, tunda na canji yana iya zuwa da na'urar taɓawa dabam da ta asali. Bayan ya buɗe ta, kafin ya gina komai, ya kwafi ɓangaren tashi na asali, da ɓangarorin da ke riƙe da lambar IMEI da ma'aunan na'urorin cikinta, ya ajiye su a wuri biyu daban-daban, domin kenel ana sake gina shi a kowane lokaci, amma waɗannan na wayarsa ne ita kaɗai, ba a sauke su daga intanet.